Ranar da Aka Kawo wa Kawu Keke

Alƙalai, a yi wa mai wannan rubutu afuwa. Karonta na farko ke nan.

Da la'asar aka jingine keken a bakin fada, wato majalisar da maza ke hira da shan shayi. "To, Alhaji na bakin teku," in ji mai shayi, "ga keke, ga hanya. Hau mu gani!"

Tun da tawaye ya hana bin hanyar Agadas sai da rakiyar soja, kullum Alhajin nan, kawun mai wannan rubutu, ke ba 'yan fadar labarin tuƙin kekensa a ƙasar Fatakwal: kwalta shimfiɗe kamar tabarma, ruwa dama, ruwa hagu, balbelu na tashi gabansa, kogi ya rarrabu kamar yatsun hannu. Mutanen Arlit su yi ta dariya.

Ita kuwa ta san gwiwoyin tsohon. Da ƙyar yake miƙewa daga sujada. In ya faɗi gaban jama'a, bakinsa ya mutu a fadar nan.

Aka tashi salla. Ta lallaɓo da ƙayar aduwa, ta latsa tayar gaba. Ba iska. Ta baya ma wani ya riga ta. Ta ɗaga kai, sai ga mai shayi wajen alwala, yana soke allura cikin rawaninsa.

Bayan sallama shi ya fi kowa salati. "Kash, faci! Ka tsira, Alhaji. To zauna, jiya a wace gada muka tsaya?"

Kawu ya gyara zama. Ta yar da ƙayar, ta sulale gida kafin wani ya lura.