Tayar Hagu

"Alhaji, wannan tayar ba 'yar'uwar waccan ba ce," in ji mai facin bakin tashar Rogo.

Na yi dariya. Da hannuna na sayo su biyun, sababbi fil, kafin salla.

Sati uku ke nan motar tana jan hagu. An duba iska, an saita ƙafafun gaba, ba ta daina ba. Yau da muka taso daga Karaye za mu ta'aziyya, saura ƙiris ta jefa mu rami, ni da Innarmu.

Ya kwance tayar, ya kankare gefenta da farce. Baƙin fenti ya ɓare, tsagogi suka bayyana. Ya leƙa cikinta, sai ya ɗago ya dube ni.

Na ce, "Faɗa mini mana."

"Wannan facin aikina ne. Bara na yi wa yayanka shi. Har na ce masa ya jefar da ita, za ta kashe mutum."

Yayan nan nawa kaɗai na taɓa ara wa motar nan, sati uku da suka wuce. Shi ne kuma ɗazu ya rufe wa Inna ƙofa da hannunsa, ya ce, "Allah ya kiyaye hanya."