Yaron Ƙarƙashin Madafi

Da safe uwargida ta ga babu shuɗin dutsen da ke tsare 'yarsu daga kambun baka.

"Kai mutumin nan, har na wuyan 'yarka ka kai wa dillalin kayan tarihi na birnin Luksor?"

Mijin ya rantse bai taɓa ba. Abin da ya sayar layar zamanin Fir'auna ce mai siffar ido, wadda ya tsinko daga wuyan busasshiyar gawar wani yaro, a kabarin da ya haƙo ƙarƙashin madafinsu. Ramin a rufe yake, yarinyar ba ta ma san da shi ba.

"'Yar baba, ina dutsenki?" ya tambaye ta.

Ta ci gaba da tsoma burodi a shayi.

"Na ba yaron da ke ƙarƙashin madafi. Tun da ka cire nasa yake kuka, wai yanzu suna ganinsa."