Jar Giyar Da Bai Taɓa Sha Ba

Da la'asar Hajjo ta iso gidan abincin Italiya da saurayinta Haliru ke aiki a unguwar Sentul. Ta tsaya daga bakin ƙofa tana jin sa yana yi wa baƙi bayani.

"Taliya mai tumatir, jar giyar Chianti ce daidai da ita. In naman sa ne, ku ɗauki Barolo, ta fi nauyi."

Da ya hango ta sai ya ajiye kwalbar da ke hannunsa ya ƙaraso.

"Yaya Nasir ya faɗa wa Abba irin aikinka," ta ce. "Abba ya ce ba zai ba mai zuba giya 'yarsa ba."

"Kin san ban taɓa kai ta baki ba. Bayaninta kawai na haddace."

"Na sani. Za ka bari?"

Ya sunkuyar da kai. "Sun zaɓe ni zuwa horo kan harkar giya a birnin Milan na Italiya. Na riga na amsa."

Ta jira zuciyarta ta buga, amma ba ta ji komai ba. Ta zare zoben da ya ba ta, ta ɗora a kan tebur.

"Allah ya ba da sa'a."

Wani baƙo ya ɗaga hannu yana kiran sa. Haliru ya ɗan tsaya, sannan ya juya ya tafi wurinsa.