Yoyon Babur ɗin Alhaji Mati

Da turi ya kawo shi, kamar kullum. Alhaji Mati, dillalin shanu, ya jingine tsohon babur ɗinsa a bakin garejin Ubale yana haki, ya miƙa hannu can gefe kamar mai gaisuwar dole.

"Gwanin Gumel, ga mutuminka na dawo maka da shi. Yana nan yana fitsarinsa."

Masu zaman benci suka kwashe da dariya. Ran Ubale ya ɓaci, don shi ba ƙaramin bakanike ba ne. Daga Gagarawa Tasha har Sule Tankarkar an san babu yoyon mai da ya taɓa gagararsa. An sani mana, tunda shi da bakinsa yake yaɗa labarin. Sai ga wannan gwangwani, wanda ya girmi rabin matasan unguwa, yana neman zubar masa da sunan da ya yi shekaru yana tarawa.

Me bai yi ba? Ya canza gaskit, shimfiɗar da ke toshe haɗin inji. Ya canza robar da ke tare mai a jikin giya. Ya ɗaure notin ƙasan inji har sifana ta kusa lanƙwashewa. Kowane zuwa injin cike yake da mai, amma wannan bai ba shi mamaki ba, don Alhaji ba ya barin garejin sai ya sayi kwalbar baƙin mai, wai ta ƙari. Washegari kuma a aiko cewa mai ya kwanta a zaure.

Shi kuwa Alhaji, yoyon ya zame masa waƙa. Mutumin da duk Alhamis yake shan gaban motocin shanu zuwa Maigatari, wanda daga nesa yake kallon bijimi ya yanke masa daraja ba musu, yanzu ɗansa Nura ke goya shi a bayan nasa babur. A kara ma, wato kasuwar shanu, ya koyi sabon salo na shafa tozon sa da cinyarsa, wai ido na yanzu ba abin yarda ba ne. Duk wanda ya tambayi dalilin goyon, amsa ɗaya ce: a tambayi Ubale.

Aka tambaya kuwa. Masu babura suka fara wuce garejin suna ɗaga hannu daga nesa, irin gaisuwar da ake yi wa gidan makoki. Ubale ya sha alwashin ko shi ko babur ɗin nan.

Bayan la'asar ya ɗauki kayan aiki ya nufi gidan. Alhaji yana wajen ɗaurin aure, Nura ne ya buɗe masa zaure. Ubale ya yaye tamfol ɗin da ake rufe babur da shi, ya yafa a kan buhunan dusa da Nura ya shigo da su, ya tura babur ɗin jikin bango inda ƙasa ke bushe. Ya wanke injin tas da fetur, ya barbaɗe shi da toka don ko ɗigo ɗaya ya tsatso ya bar sawu, sannan ya shimfiɗa kwali a ƙarƙashi. Buhunan sun tare masa hanya, sai ya ja su da tamfol ɗinsu tsakiyar zauren, inda babur ɗin ya saba kwana, ya kama gabansa.

Da hantsi ya dawo, ya tarar Alhaji ya riga ya tara 'yan kallo, har da masu zaman bencin nan da ba su da aikin yi sai shaida. Alhaji bai bar su sun shiga ba, a ƙofa suka tsaya.

"Shigo, gwani. Ga aikinka nan malale, ka gani da idonka."

Ubale ya shiga. Ya dubi inda yatsan Alhaji ke nunawa, ya dubi bango, ya sake duban fuskar dattijon, ya daɗe. Sai yanzu ya lura idanun nan ba sa gani kamar da. Kalma ɗaya zai faɗa ya wanke sunansa a gaban kowa, amma daga ranar babu wanda zai ƙara ba Alhaji ko akuya ya sayar masa. Tausayi ya kama shi, irin wanda bai saba da shi ba.

Ya matsa ya tare ƙofar da jikinsa, ya ɗaga murya yadda na waje za su ji.

"Ranka ya daɗe, na sallama. Wannan yoyo ya fi ƙarfina. Kada ka ƙara hawa babur ɗin nan, Nura ya ci gaba da kai ka."

A waje aka sheƙe da dariya, gwani ya faɗi. Alhaji ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya, ya sa hannu ya tura bakin kwalbar man da ke leƙowa daga aljihunsa.

Babur ɗin yana can jikin bango a bushe, tokarsa fara fat, kwalinsa ko ɗigo. Man kuwa yana kwance daidai wurin da ya saba, a ƙarƙashin buhunan dusar da Alhaji ke ta nunawa da yatsa yana zaginsu da sunan babur.