Wanzamin da Aka Yi wa Kirari

Ranar Laraba ce, tara ga watan Safar, ƙarfe bakwai da kwata na safe, a wurin wani suna. Raɓa ba ta bushe ba, kogi yana ta hayaƙi kamar tukunya. Wanzami ya zauna zai yi wa jariri aski. Shekara goma sha ɗaya yana haye kogin nan da zabirarsa, ya yi aski a garin abokan gaba, ya saurari hirar masu jiran layi, ya dawo ya faɗa wa sarki da Galadima su kaɗai. Laifinsa ɗaya: ya ce gero ake tarawa a can, ba kibau ba, Galadima kuwa yaƙi yake so. A wurin sunan nan sai Galadima ya sunkuya ya yi wa maroƙinsa raɗa. Maroƙi ba ya ajiyar magana, ɗaga ta ne sana'arsa. Ya miƙe ya ce, “Wanzami kunnen sarki! A tafi da aska, a dawo da labari!” Cikin baƙi akwai dangin mai jego su uku daga ƙetare, garin abokan gaban. Suka ajiye goronsu, suka nemi takalmansu.

Kafin azahar maroƙa sun rabu biyu. Na ƙofar Galadima suka ce ai kowa ya sani tuntuni, kuma dama wanzamin maƙaryaci ne. Na ƙofar Madaki, mai jin haushin Galadima, suka ce an ci amanar ƙasa, suka bi kasuwa kasuwa suna maimaita kirarin don a ji muninsa, har wanda bai ji ba ya ji. Babu wanda ya tuna da tsohuwar da ke ba wanzami masauki a can, ko mai fiton da ke haye da shi. Galadima ya sa aka yi shela cewa wasa ne. A kwana na uku kwalekwalen mai fito ya dawo ba kowa a ciki, yana juyi a hankali, wata balbela tsaye a gabansa. Wanzami ya daɗe yana kallonsa.

Kai mai bin gardamar gidajen rediyo a yau, ga waɗanda suka rage: Galadima da rawaninsa, maroƙan ƙofa biyu, kowanne da sabuwar riga, matar mai fito, sai wanzami, wanda yanzu babu mai sunkuya masa kai don aski. Tsohuwar kam ba a sake jin ɗuriyarta ba. Hausawa sun ce magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa.