Gwani da Injin Mai Tari

Gwani ya ɗaga katakon tsakiyar jirgin ruwan, ya zura kansa cikin ramin inji, sifana a haƙoransa. Tsakar rana ce, direbobin tashar duk sun tafi cin abinci.

Shi ya raɗa wa kansa sunan Gwani, tunda babu wanda ya yi niyyar raɗa masa. Ya taɓa gyara fankar matarsa, tun ranar take fifita da murfin tukunya. Duk da haka, in ana zancen inji, muryarsa ce a sama.

Da yamma wani kamfani zai gwada jirage biyu, ya zaɓi wanda zai riƙa tsallakar da ma'aikatansa kullum: na Gwani da na ƙanensa. Wanda ya samu ya huta da jiran fasinja a rana. Wanda ya rasa, sai haƙuri.

Injin da ke gabansa kuwa kowa ya san halinsa. Yana tari, yana harbi, a tsakiyar ruwa yakan yi kamar zai cika, amma dai yana kai mutane gaci. Wannan "amma dai" ɗin ne ya hana Gwani sukuni.

Ya lalubo distirbuta, abin da ke raba wa fulogogi wuta a kan lokaci. Ka juya ta kaɗan, wutar ta riga lokacinta ko ta makara, taimin ya canza. Kanikawa sukan kunna inji, su haska alamar taimin da fitila, su juya a hankali suna kasa kunne. Gwani bai kunna komai ba. Ina ruwan gwani da fitila?

Ya sassauta notin, ya murɗa distirbutar dama. Ya dube ta, ya ga bai isa ba, ya ƙara. Ya ɗaure notin, ya goge wurin da gefen rigarsa, ya mayar da katakon a hankali kamar mai rufe jariri.

Da yamma tasha ta cika. Wakilin kamfani ya ɗaga hannu, aka murza makullai.

Injin mai tari ya tashi bugu ɗaya. Babu harbi, babu hayaƙi, sai wani sauti mai laushi da bai taɓa yi ba tun da aka sayo shi. Jirgin ya tsaga ruwa, ya taɓa wancan gaci ya dawo, ɗayan yana tsakiya yana fitar da baƙin hayaƙi. Wakilin bai ma jira ba, ya ce an gama.

Mutane suka yi ta sowa. Gwani, da ba ya barin yabo ya wuce shi, yau kunya ta kama shi. Yana taka gaci ya nufi hanyar gida, kai a sunkuye.

Ƙanen ya sha gabansa a guje, ya rungume shi, idanu cike da ƙwalla.

"Yaya! Mai gadi ya ce ya gan ka ɗazu cikin jirgina da sifana. Ka bar naka yana hayaƙi, ka gyara min nawa? Wallahi babu mai yaya irin nawa!"

Gwani ya yi murmushin da ya fi kuka ciwo, ya ce ai babu komai, zumunci ne.

Ɓata injin ƙanen ya je yi. Ko wannan ɗin ma bai iya ba.