Jirgi Duk Minti Biyu

"Ka ji wannan ƙara, taubashi?" in ji Muttaƙa, ɗan kawuna, ta waya. "Metro ke nan, jirgin ƙarƙashin ƙasa. Duk minti biyu sai wani ya iso, ko alwala ba ka gama ba. Kuma ma'aikata suke nema ido rufe. Mai diploma irinka ne zai ƙare a Djougou?"

Babu wanda ya ga tafiyarsa Paris. Hakan bai dame ni ba, domin a Zongon Parakou ba a shelar tafiya, gudun bakin mutane. Ni ma ya gargaɗe ni kada in faɗa wa kowa.

Saboda haka na ƙi aikin koyarwar da wata makaranta ta ba ni a Djougou, aikin da na daɗe ina nema. Na zauna ina haddace sunayen tashoshi.

Da Baba ya gano, sai ya ce rashin ladabi ne a ƙi alheri ta waya, dole in je da ƙafata in ba darekta haƙuri.

Darekta ya tarbe ni da fara'a. "Wane haƙuri kuma, Ishaƙu? Ai wanda ka turo a madadinka yana ƙoƙari."

"Ni na turo, Malam?"

"Ɗan kawunka mana. Zo ku gaisa."

Ya tura ƙofar ajin. Muttaƙa ya juyo daga allo, muka haɗa ido. Sai ya dubi yaran ya ce, "Ku tashi ku gaida baƙo."